Bebop a bakin mabusa goma sha

Masu cewa bebop, wato salon jaz na Amurka mai saurin gaske, kiɗan mutum biyar ne kawai, don Allah su nemi faifan babbar ƙungiyar mai busa turampet Dizzy Gillespie na tsakanin 1946 da 1950 su saurara da kunnen basira. Ni dai a wurina, babu aikin da ya fi wannan wuya a jaz na wancan zamani.

Ku dubi tsarin. Masu busa turampet huɗu ko biyar a sahun baya, masu turombon a tsakiya, masu saksofon biyar a gaba, sai fiyano da bas da ganga. Layin kiɗan da mai saksofon Charlie Parker zai busa shi kaɗai, a saurin da kan kusa bugu 300 a minti guda, shi Gil Fuller, mai tsara wa ƙungiyar kiɗa, yake rubuta wa sahun turampet su fitar da shi baki ɗaya. Mutum ɗaya ya ja numfashi a inda bai kamata ba, layin ya dagule. Leɓen jagoran sahun ya gaji, sauran duk su zame ƙasa. Ku ji kiɗansu "Things to Come" na 1946: a bakin rami suke gudu, kuma ba su faɗa ba.

Ga kuma batun ganga. A da, babbar gangar ƙafa ce ke buga kowane taki, kowa na jin ta. Mai ganga Kenny Clarke ya mayar da lissafin kan farantin tagulla da ke cikin kayan ganga, ya bar ta ƙafa sai jefi-jefi. To, na sahun baya ba sa jin farantin sosai, nauyin ya koma kan mai bas, Ray Brown. Da Chano Pozo ya zo daga Kuba a 1947 da gangarsa ta konga, sai da aka sake koyon tafiya tare, domin lissafinsa daban ne.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne faifan kansa. Faifan garmaho na inci goma mai juyi 78 a minti ba ya ɗaukar fiye da kusan minti uku a kowane gefe, don haka mai busa shi kaɗai kafin ya yi zafi an yanke shi. Kai tsaye ake yankar sautin a kan faifai, babu gyara. An yi kuskure, a koma farko. Ƙungiyar Billy Eckstine ta 1944 zuwa 1947, wadda Art Blakey da Fats Navarro da Dexter Gordon suka ratsa, yawancin abin da ta bari waƙoƙin soyayya ne masu sanyi, sautin ma a dushe.

Ƙungiyar Earl Hines kuwa, wadda Parker da Gillespie suka zauna cikinta a 1943, ko faifai ɗaya ba ta naɗa da su ba. Dalili kuwa, ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ta hana mambobinta naɗar faifan sayarwa tun Agustan 1942, kuma rikicin da manyan kamfanoni bai ƙare ba sai Nuwamban 1944.