Tafasa ruwa ba ya cire maganin ciwon jiki, a daina yaudarar jama'a

Wallahi bidiyon nan da ake ta yaɗawa ya ɓata min rai. Mutum ya zauna da farar riga yana cewa duk ragowar maganin ciwon jikin da ke gida a juye shi a masai, wai ai ana tace ruwa, wanda kuma yake shakka ya tafasa nasa ya sha. Dubban mutane suna tura wa juna suna sa masa albarka. Haba malam! Magani fa ba ƙwayar cuta ba ne. Ba shi da ran da za ka kashe, cire shi ake yi daga ruwa, in ba a cire ba yana nan.

Ka tafasa lita biyu har ta koma lita ɗaya, tururi ne ya tashi, farasitamol da diklofenak suna cikin tukunya, sai ma ƙarfinsu ya kusa ninkawa tunda ruwan ya ragu. Alif da ake jefawa laka yake kwantarwa, abin da ya narke bai shafe shi ba sai ɗan kaɗan. Kulorin kuwa ya fi ban tsoro, domin idan ya haɗu da farasitamol yana iya juya wani ɓangarensa zuwa sinadaran da suka fi shi guba, ciki har da wanda ke lalata hantar mutumin da ya sha farasitamol fiye da kima. Duk ukun nan an yi su ne don datti da ƙwayoyin cuta, kuma suna aikinsu, kada kowa ya daina. Amma ba su cire magani.

Masu cewa "ai ɗan mitsitsi ne", na ji ku, kuma ta fuskar ɗan Adam kuna da gaskiya. In ruwa na ɗauke da mikrogiram 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) na farasitamol a lita, kana shan lita 2 kullum, sai ka yi shekara sama da 600 kafin ka haɗa ƙwaya ɗaya mai miligiram 500. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce haɗarin ga mai sha kaɗan ne ƙwarai. To kifi fa? Kifi ba lita biyu yake sha ya tafi harkarsa ba, a ciki yake kwana yake tashi, ruwan na ratsa jikinsa dare da rana. An gwada an ga diklofenak mikrogiram 5 kacal a lita yana taɓa ƙodar kifi da sassan da yake numfashi da su cikin makonni huɗu. Kuma ba ko'ina ne yake mitsitsi ba. Binciken da Jami'ar York ta Ingila ta jagoranta, wanda ya fito a 2022, ya auna koguna 258 a ƙasashe 104, aka samu farasitamol ya haura mikrogiram 200 a lita a wani kogi na Bolibiya.

Ko ba ka zubar ba, wanda ka haɗiye wani kasonsa yana fita ta fitsari da bayan gida. Hanta kan maƙala masa wani sinadari don ya yi sauƙin fita, amma da ya isa matatar ruwan ƙazanta sai ƙwayoyin halittar wurin su cire maƙalin, maganin ya dawo yadda yake. Shi ya sa wani lokaci a kan auna diklofenak a bakin fita a ga ya fi na bakin shiga. Man shafawar diklofenak ma wajen kashi 6 cikin 100 ne ke shiga jini, saura yana kan fata da tufafi har wanka ya tafi da shi. Wannan kayan da muke ɗora wa ruwa ba da gangan ba bai isa ba, sai a ce mu ƙara da kwalba guda?

Matata irin ta yau da kullum, mai aiki da ƙwayoyin halitta da iska, tana cinye farasitamol da ibufurofen sama da kashi 90 idan tana aiki daidai. Diklofenak kuwa yakan wuce, sau da yawa ko rabi ba a ragewa. Manyan hanyoyin da matatu ke bi su cire shi guda biyu ne.

Na farko gawayi, amma ba na murhu ba. Gawayi ne da aka gasa da tururi a zafin digiri 800 zuwa 1,000 har ya zama ƙofofi zalla, giram ɗaya na da faɗin ciki kusan murabba'in mita 1,000, maganin na manne a ciki. In garinsa ne, ana zuba miligiram 10 zuwa 20 a kowace lita, a gauraya kamar rabin sa'a, a kwantar da shi, a tace, sannan a ƙone lakar. Duk wanda ya watsa wannan lakar a gona ya mayar da maganin inda ya ɗauko shi. In mai tsakuwa-tsakuwa ne, ruwan na bi ta cikinsa a hankali, minti 20 zuwa 30. Matsalarsa ita ce cika, kuma ba ya nuna alama. Ruwan zai ci gaba da fita garau alhali maganin na wucewa. Idan ruwan da aka tura masa bai tsarkaka sosai ba, sauran datti ne zai riga maganin cike ƙofofin. Haka ƙaramin matacin gawayi na famfon gida yake: yana ragewa, amma in wa'adinsa ya wuce ba a sauya ba, ya zama ado.

Na biyu iskar ozon, wani nau'in iskar oksijin mai ƙarfi da ake hura wa ruwa. Diklofenak ba ya jimre mata ko kaɗan, ibufurofen ne mai taurin kai a nan. Ana auna ta da yawan dattin da ya narke a ruwan, kamar rabin giram na ozon ga kowane giram na narkakken kabon, wato ma'aunin dattin nan. Idan akwai wani sinadari da ake kira naitirait a ruwan, kowane giram na naitirojin ɗinsa yana lashe ozon giram 3.4 a banza. Idan akwai wani gishiri da ake kira buromaid da yawa, ozon na mayar da shi buromet, wanda ake zargi da jawo ciwon daji, don haka dole a gwada ruwan kafin a zaɓi wannan hanya. Kuma ozon farfasa maganin yake yi, shi ya sa ake bin sa da matacin yashi don ƙwayoyin halitta su ƙarasa cinye gutsattsarin.

"Ai da tsada." Eh, da tsada. Suwizalan ta sa doka tun 2016, manyan matatunta su cire kashi 80 na irin waɗannan sinadarai, ana karɓar har faran 9, kuɗin ƙasar, kan kowane mutum a shekara. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2024, ta ce kamfanonin magani da na kayan kwalliya ne za su ɗauki aƙalla kashi 80 na kuɗin. Tunda cirewa tana cin wannan kuɗi, ina hankali a zubawa da hannunka? Ragowar magani a mayar wa kantin magani in suna karɓa. In ba su karɓa, a cuɗa shi da ƙasa ba tare da an daka ba, a ƙulle a leda, a sa a shara. Wanda ya shafa man diklofenak ya goge hannu da takarda ya jefa a shara kafin ya wanke.

Kuma duk lokacin da aka ambaci diklofenak sai na tuna ungulun Indiya. Makiyaya suna yi wa shanu allurarsa, saniya ta mutu, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta tsaya cikin 'yan kwanaki. Daga shekarun 1990 wasu nau'o'in suka ragu da sama da kashi 95, ba a gano dalili ba sai 2004, aka hana ba dabbobi shi a Indiya da Pakistan da Nefal a 2006. Mushe ya rasa mai ci, karnukan titi suka yawaita. Abin da ya fi min ciwo, akwai meloksikam da ke yi wa saniya aiki iri ɗaya ba tare da ya kashe tsuntsuwar ba. Ita kuma ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara.