Gara allura da a yanko ƙashin ƙugu

Wallahi labarin nan na gyara ƙashi da ƙwayoyin asali na cikin ɓargo ya taɓa ni sosai. Ƙanina ya yi hatsari ƙaurinsa ya farfashe, sai da likitoci suka yanko ƙashi a ƙugunsa suka cike gurbin, har yau ƙugun ya fi ƙafar damunsa, in zai zauna sai ya karkace gefe guda. To in allura za a sa a zuƙo ɓargon, a shuka ƙwayoyin kan wani abu mai ƙofofi kamar soso su zama sabon ƙashi ai an rage azaba. Damuwata dai babban gurbi, don in jijiyoyin jini ba su ratsa ciki ba ƙwayoyin mutuwa suke yi.