Bafaranshen da ya janyo min asarar agwagwa

Duk wannan rigimar wani Bafaranshe ne ya janyo min ita, mutumin da ya mutu tun 1842, wanda ko sunansa sai na murɗe baki nake iya faɗa.

'Yar autarmu ce ta zo da aikin makaranta da daddare, wai a yi rubutu a kan fengwin, tsuntsun nan na ƙasar ƙanƙara da ba ya tashi sama, sai dai ya yi ta rangaji a tsaye. Na karɓi waya ina karanta mata da ƙarfi, don uwargida da ke tankaɗe a gefe ta san ba ƙaramin mutum take aure ba.

Sai muka iso kan wani iri da ake ce wa Adélie. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jules Dumont d'Urville, ya bar gida a 1837 da jirage biyu, Astrolabe da Zélée. A watan Janairun 1840 ya isa gaɓar Antatika, ya dubi yankin nan ya sa masa sunan matarsa Adèle. Har yau Terre Adélie ake kiran wurin. A 1841 kuma masana biyu daga cikin ayarinsa, Hombron da Jacquinot, suka rubuta bayanin tsuntsun da suka tarar a can, shi ma suka maƙala masa sunan matar.

Sai na ji rariya ta tsaya cak.

"Malam, maimaita wurin nan."

Na maimaita.

"Ƙasa sukutum," in ji ta, "aka ɗora mata tsuntsu gyara. Allah Ya ji ƙan mazan jiya."

Na ce haba Maman yara, ƙasar da ko gero ba ya tsirowa? Kuma mutumin nan sama da shekara uku ya bar matarsa tana jira. Ta ce ai da ya dawo da tsaraba ya dawo, ni kuwa da na je Kano mura kawai na kawo mata. Ana cikin haka 'yar auta, da ba wanda ya tambaye ta, ta karanto cewa namijin tsuntsun shi ke tattara tsakuwa ya gina sheƙa, in ta ƙare masa ma ya sato ta maƙwabci. Mu kuwa gidan haya muke. Uwargida ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da tankaɗe, kuma wannan shirun ya fi zagi ciwo.

Ranar kasuwa na yanke shawara. Ƙasa dai ba ni da ita, amma tsuntsu ba zai gagare ni ba. Na zagaya wajen masu kaji ina neman abin da ya fi kama da fengwin a tafiya, na samu wata agwagwa mai baƙi da fari, ƙatuwa, mai taku ɗai-ɗai. Na kawo ta gida, na tara yara, na sanar cewa daga yau sunanta Gimbiya, sunan da nake kiran uwarsu da shi tun ina zuwa zance.

Uwargida ta dubi agwagwa, ta dube ni, ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Ni a lokacin godiya na ɗauka.

Abin bai fashe ba sai ranar Juma'a, da surukata ta zo wuni. Ita kuwa ta san sunan nan sarai, don a zaurenta aka raɗa shi. Ina durƙushe ina gaishe ta, sai ga yaron maƙwabta ya faɗo gidan ba sallama, yana haki:

"Baba, ka zo maza! Gimbiyarka ce kwance a kwata tana birgima, an kore ta da sanda ta ƙi tashi!"

Hajiya ta saki kofin kunu, ta hau salati. Sai da uwargida ta fito daga madafa da ludayi a hannu, tsaf da ita, sannan tsohuwa ta samu numfashi. Na fara bayani tun daga jiragen Faransa. Ina tsammanin na kusa fita, 'yar auta ta ɗauko littafinta don ta taimake ni.

"Kaka, ai tsuntsun yana da suna na masana ma, Pygoscelis adeliae. Na biyun sunan matar ne. Na farkon daga harshen Girkanci yake, Baba ya ce ma'anarsa mai ƙafafu a gindi."

Gaskiya ne kuwa, don ƙafafunsa can baya suke. Amma ba ranar faɗar gaskiya ba ce.

Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "To, Malam, 'yar tawa ce mai ƙafafun, ko agwagwar?"

Kafin la'asar aka yanke hukunci ba tare da an nemi ra'ayina ba, ni aka miƙa wa wuƙar ma. Da magariba aka yi farfesu, Hajiya ta ci ƙirji, yara suka raba fukafukai. Da na buɗe nawa kwanon, ƙafafu biyu ne da gindi, an jera su a tsanake, an barbaɗa yaji.