Ku daina yaɗa hoton nan, a kai musu akwati gida

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake. Hoton nan dai da kuka sani, na bawan Allah da yake rarrafe cikin rana, silifa a tafin hannu, katin zaɓe a baki, an sake tono shi ana ta yawo da shi a WhatsApp da Facebook, kowa na rubuta "wannan shi ne kishin ƙasa", "kai mai ƙafa biyu meye uzurinka". Har da manyan mutane da nake ganin girmansu. To ni ban ga abin alfahari a ciki ba, abin kunya na gani, kuma kunyar tamu ce mu masu ƙafafun. Mutum ya ja jiki a ƙasa cikin ƙura don ya karɓi haƙƙinsa, mu kuma mu tsaya ɗaukar hoto muna tafi?

Ina magana da zafi ne saboda abin ya faru a gidanmu. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shan inna ta kama shi tun yana ɗan shekara huɗu, yanzu dattijo ne mai iyali, gyaran takalmi yake yi a Jega, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Ranar 25 ga Fabrairu 2023 ni na kai shi zaɓe. Kun san ranar zaɓe an hana zirga-zirgar abin hawa, babu kabu-kabu babu mota, to haka muka kama hanya da kekensa na guragu mai tuƙin hannu, inda yashi ya yi yawa in tura, inda kwata ta yanke hanya mu zagaya ta wani lungu. Da muka isa, ashe teburin ma'aikata na kan barandar aji, matakala uku. Mu huɗu muka ciccibe shi, rigarsa ta Juma'a da ya sa don ranar ta tattare har ƙirji, yara suna kallo. Wurin dangwalawa kuma an yi shi ne don mai tsayuwa, sai a kan gwiwarsa ya shimfiɗa takardar, ejan-ejan na jam'iyyu a tsaye a kansa kowa ya ga inda yatsansa ya sauka. A hanyar komawa bai ce min uffan ba sai da muka kai ƙofar gida, ya ce "Ɗana, da na san haka za a yi da ni, da na zamna gida." Ranar 18 ga Maris da aka yi na gwamna na je ɗaukarsa, ya ce "Tai ka yi naka, Allah shi ba mai rabo sa'a." Bai fita ba. Wannan ƙuri'ar ta tafi kenan, kuma babu wanda ya ɗauki hotonta.

Saboda haka maganata ɗaya ce: wanda ba zai iya zuwa wurin akwati ba, a kai masa akwati. Gurgu, da tsohuwar da ƙafa ta ƙi, da wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, a kai musu akwati gida.

Kuma ba alfarma nake roƙo ba. Dokar Zaɓe da Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2022, sashe na 54, ta ce dole hukumar zaɓe ta ɗauki matakin taimaka wa masu buƙata ta musamman, ta ambaci rubutun makafi, ta ambaci maganar kurame, har ta ambaci yin zaɓe a wajen rumfa inda ya dace. A rubuce yake. Ga kuma dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda keke zai shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ku zagaya makarantun firamaren unguwarku da ake zaɓe a ciki ku ƙirga min masu gangaren keke.

Na san wani zai ce ai ana ba su fifiko a layi, ai an kawo jagorar rubutun makafi, ai an kawo gilashin ƙara girman rubutu don zabiya. Na sani, kuma ban raina ba, har na'urar BVAS da take tantance fuska ta taimaki waɗanda kuturta ta ci wa yatsu. Amma duk wannan na wanda ya iso ne. Fifikon layi me zai yi wa wanda yake kwance a ɗaki? A zaɓen 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajista, amma masu naƙasa da hukumar ta lissafa dubu 85 ne da ɗoriya a duk faɗin Najeriya. Kai da ka san kasuwar Jega ranar Juma'a, ka san Argungu da Yauri da Zuru, ka yarda da wannan adadin? Sauran suna ina? Suna gida, sun haƙura tun daga wahalar yankar kati.

Sai masu cewa za a yi maguɗi. Maguɗin da aka daɗe ana yi a rumfa tsakar rana, guragu ne suka kawo shi? Na'urar tantancewa a hannu ake riƙe ta, batir take amfani da shi, ejan na kowace jam'iyya ya bi tawagar, ɗan sanda ya bi, a rufe akwati a gaban kowa. Indiya mai masu zaɓe kusan biliyan ɗaya ta yi haka a 2024, ma'aikata suka riƙa bin masu naƙasa da 'yan sama da shekara 85 har gida. Afirka ta Kudu ma ta daɗe tana zuwa gidajen waɗanda ba sa iya fita. Ku bar ma ƙasashen waje, nan Kebbi shekara nawa muka yi muna ganin mata masu rigakafin shan inna da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, gida-gida, lungu-lungu, su ɗiga wa yaro, su shafa masa tawada a ɗan yatsa, su rubuta alli a bango? Har ƙauyukan bakin gulbi da kwale-kwale suka shiga, har aka kai 2020 aka ce an kawar da cutar. Ƙasar da ta iya kai ɗigon magani kowace ƙofa, ita ce za ta kasa kai takarda da tawada ƙofar waɗanda cutar ta riga ta naƙasa?

Kuɗi kuma kar ma a fara. Lokacin kamfen kowane ɗan takara ya san hanyar gidan sarkin guragu da sarkin makafi, a je da taliya da sabulu da mai kyamara. Sarakunan nan sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, da sunan unguwa da ƙofar gida. Jerin sunayen da ake cewa babu, a hannunsu yake, a tambaye su kawai. Inda matsalar tsaro ta hana shiga, wannan daban, amma cikin Birnin Kebbi me ya hana? Cikin Jega me ya hana? A fara da ƙaramar hukuma ɗaya cikin 21 ɗin da muke da su a gani mana.

Ni dai don Allah in hoton nan ya sake zuwa wayarka kar ka tura. Mutumin yana da 'ya'ya, suna gani.

Af, tunda na tuna, ku 'yan kwamitin masallatai ku ma da ku nake. Sabbin masallatan Juma'a da muke ginawa, a ɗaga su sama, a zuba matakala biyar shida, a shimfiɗa tayil mai santsi har wurin alwala. Kawu ya fi shekara biyu yana sallar Juma'a a waje kan kwali, a gefen takalman mutane, alhali da kuɗinsa a cikin ginin. Na tambayi wani magini ya ce min buhun siminti kaɗan da yashi sun isa a yi gangare ta ƙofar kudu. Na ɗauki nauyin buhu biyu, mai son sa hannu ya same ni ta inbos kafin Juma'a mai zuwa.