Da kuɗinka ka sayo abin da ya hana ka Asuba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwanan nan ana ta yabon finafinan tsoron nan da babu dodo a ciki, babu jini, sai rikita ƙwaƙwalwa. Ku ji abin da masu kallon ke faɗa da bakinsu: "Wallahi ban runtsa ba, amma fim ɗin ya haɗu." Subhanallah! Ya hana ka barci, kuma yabonsa kake yi?

Masu shirya shi sun san aikinsu. Ba sa nuna maka abin tsoron. Sai su bar ƙofa rabi a buɗe, su ɗauko mutum ta bayansa kamar ana bin sa, su ja shiru har numfashinka ya tsaya, sannan su saki ƙara. A ƙarƙashi kuma akwai wani sauti mai kauri da kunne bai cika lura da shi ba, amma ƙirji na jin sa. Jikinka bai san wasa ake yi ba. Zuciya ta hau bugu, tafin hannu ya jiƙe, sinadaran da jiki ke saki lokacin firgici, adirenalin da kotisol, su kwarara cikin jini kamar wanda ɓarayi suka hauro wa katanga. Kashe waya ba ya sauke wannan nan take.

To yi lissafi. Ka fara ƙarfe 11, fim awa biyu, ga ƙarfe 1. Hasken allon ya riga ya jinkirta sinadarin da ke kawo barci, kana ta juyi har 2. Asuba wajen 5. Wa zai tashe ka? In ma ka farka, tsoron fita tsakar gida ka ɗauki buta ya sa ka ja bargo ka ce sai gari ya waye. Nan ne abin kunyar, ɗan'uwa. Tsoron abin da wani ya ƙirƙira a gaban kyamara ya rinjayi tsoron rasa salla. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine kuma suna cikin abubuwan da ke jawo dannau, sai a wayi gari ana cewa jifa aka yi maka.

Irin wannan fim ɗin ya fi na dodo illa, domin waswasi yake shukawa: miji mai sa matarsa shakkar hankalinta, maƙwabci mai murmushi da mugun nufi. 'Yar'uwa, in dama kina fama da faɗuwar gaba ko damuwa, me kika je nema a can?

Ga yara kuma. Lambar 18 da aka rubuta a kan fim, ta iyakar shekarun mai kallo, ba ado ba ce. Yaro ɗan ƙasa da shekara 7 bai gama bambance gaske da wasa ba, yana leƙe ta kafaɗarka, gobe ya yi fitsarin kwance ka dake shi. Masu yanko wurin firgitar suna tura wa abokai don dariya, ku tuna hadisin Abu Dawud: bai halatta Musulmi ya tsorata Musulmi ba.

In ka riga ka kalla, yi alwala, kakkaɓe shimfiɗa, kwanta ta dama. Karanta Ayatul Kursiyyu da ayoyi biyun ƙarshen Baƙara. Haɗa tafukanka ka tofa Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ka shafe jiki, sau 3. In mugun mafarki ya zo, tofa ta hagu sau 3, ka nemi tsari, ka juya ɗaya gefen, kada ka ba kowa labari. Firgicin da ya kai makonni yana hana barci kuwa, a haɗa da ganin likita.

Don Allah, daren yau in an yi Isha'i, bar wayar nan a caji a falo.