Ranar da na mai da Baba attajirin taki

Aikina a wata ƙungiyar manoma da ke Samaru shi ne haɗa bayanai. Ga jerin sunayen manoma, ga jerin waɗanda suka biya kuɗin taki, lambar waya ce igiyar da ke ɗaure su. Damina ta kawo jiki, oga kuma ya tsaya a kaina kamar mai bin bashi.

Don a yi sauri sai na sa manhajar ta kwashe teburin manoman gaba ɗaya ta ajiye a ƙwaƙwalwar kwamfuta, abin da muke kira kesh, ta huta da komawa rumbun bayanai layi-layi. Kafin shayina ya huce ta gama. Aka manna jerin a bango, na hau acaɓa ina jin kaina gwani.

Na manta tsofaffinmu da yawa ba su da waya, gurbinsu NULL ne. A SQL, harshen da muke tambayar rumbun bayanai da shi, NULL ba sifili ba ne, "ban sani ba" ne. Ka tambaya ko NULL daidai yake da NULL, amsar ma "ban sani ba" ce, shi ya sa in ana neman gurbin da ba komai ake rubuta IS NULL. Kesh ɗin namu kuwa ba ruwansa da wannan karatu. A wurinsa duk gurbi biyu da ba komai uwa ɗaya uba ɗaya ne, in ya tarar da mutum da yawa kuma na farko yake ɗauka. Na farkon wani dattijo ne daga Bomo. Takin duk marasa waya ya tattaru a sunansa, buhu 47.

Washegari sai ga shi da jikansa da masu kura uku.

"Baba, a yi haƙuri, kuskuren kwamfuta ne."

"Yaro, ita ta rubuta ko kai?"

"Ita ce, Baba."

"To ai ta fi ka karatu. A loda."

A bayansa ga sauran dattawan sun jeru da rasit a hannu, kallon da suke min ko ɓarawon akuya albarka.

Har la'asar ina ware layukan NULL gefe kafin su isa kesh, ina haɗa su da lambar katin ƙungiya. Masu kura kuwa daga aljihuna aka sallame su. Baba ya karɓi buhunsa biyu. Da jikan ya ce gara a saya masa waya, sai ya daka masa tsawa, wai ya ga albarkar rashinta da idonsa.