Ƙidayar jati a Indiya: jiya rigimar hawa, yau rigimar sauka

Herbert Risley, Baturen da ya jagoranci ƙidayar Indiya ta 1901, ya yi imani cewa da awon hanci ake gane asalin mutum: siririn hanci ɗan babban gida, mai faɗi ɗan ƙasan tsani. Yau wannan abin dariya ne. Ɓarnar da ta daɗe ita ce jera jati da ya yi bisa daraja a takardar gwamnati. Jati shi ne rukunin da ake haifar mutum a ciki, ya gaji sana'arsa, ya yi aure a cikinsa. Jerin na fitowa, takardun koke suka yi ta kwarara ofishin ƙidaya. Waɗannan su ce jinin mayaƙa ne su, waɗancan su ce Brahmin ne, wato jatin malaman addinin Hindu da ke saman tsani, kuskure aka yi musu.

Bayan shekara ɗari da 'yan kai sai reshe ya juye da mujiya. A 2015 'yan Patidar na Gujarat suka cika tituna, a 2016 'yan Jat na Haryana suka tare hanyoyi har aka rasa rayuka, Maratha na Maharashtra ma suka bi sahu. Dukkansu masu gonaki ne, masu faɗa a ji, kuma buƙatarsu ɗaya: a sa su cikin jerin koma-baya. Dalili a fili yake. A 1990 Firaminista V.P. Singh ya amince da rahoton kwamitin Mandal, wanda aka kafa don duba halin rukunonin koma-baya, aka keɓe wa rukunonin da ke cikin jerin kashi 27 cikin ɗari na guraben aikin gwamnatin tarayya. Inda romo yake, nan kowa ke miƙa cokali.

Masana halayyar al'umma irin su Bernard Cohn sun daɗe suna nuna cewa mai ƙidaya, da tambayarsa kawai, yana koya wa mutane sunan da za su kira kansu. Da wannan hujja wasu ke cewa kada a ƙirga jati a ƙidayar Indiya, a bar kaza cikin gashinta. Mu ma nan Najeriya haka muka zaɓa, ƙidayar 2006 ba ta tambayi ƙabila ko addini ba, amma ban ga rigimar ta kwanta ba.

Ni dai ina ganin a ƙirga. Rabon da a yi cikakkiyar ƙidayar jati tun 1931, kuma da alƙaluman wancan zamani Mandal ya yi lissafinsa. Da jihar Bihar ta yi nata a 2023, sai ga rukunonin koma-baya sun kai kusan kashi 63, manyan gidaje kuwa ba su wuce 15 da rabi ba. Jihar ta ɗaga jimillar kason da take keɓe wa rukunonin koma-baya da sauran na ƙasan tsani zuwa 65, babbar kotun jihar da ke Patna ta soke a 2024. A Afrilun 2025 gwamnatin Modi, wadda ta yi ta jan ƙafa, ta amince a saka jati a ƙidaya mai zuwa.

Abin da ya fi damuna yana cikin jerin koma-bayan kansa. Kwamitin Rohini, wanda gwamnatin tarayya ta kafa don duba yadda ake rabo a cikin jerin, ya gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na rukunonin ne suka kwashe kashi 97 na ayyuka da guraben karatu, rukunoni 983 kuwa ko gurbi ɗaya ba su samu ba. Waɗannan ba su da yawan da za su tare titi, ba su da ɗan majalisa. Sai an ƙirga su da sunansu kafin wani ya tuna da su ranar rabo.